Shafi na Ɗari Biyu da Sha Uku

Ranar Litinin da hantsi aka gano ɓarnar. Wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu ce ta faɗo ɗakin bincike na laburaren jami'a, ko sallama babu, ta dire wani kundin mujalla a kan teburin Anti Kwamfuta har kofin shayinta ya yi tsalle.

"Anti, dubi abin da aka yi mana. Maƙalar da kika nemo mini, babu ita."

Anti ta gyara zaman tabaraunta ta buɗe kundin. Daga shafi na tamanin sai na casa'in da ɗaya. A tsakani babu komai sai siraran gindin takardu biyar, an yanke su tas, ko ɗan tsagewa babu. Ta shafa wurin da yatsa. Aikin reza ne, sabuwa kuwa.

Kafin azahar ma'aikata sun bi kantocin ɗakin mujallu kundi-kundi, suka zaƙulo wasu uku da aka yi wa irin wannan aski. Na biyar ba a kan kanta aka same shi ba. A ɗakin ɗinkin littattafai yake, kan teburin Baba Mai-ɗinki, wani kundi mai koren bango, ga wuƙar yankan takarda kwance a gefensa.

Aka kira shugaban masu tsaron jami'a, wanda kowa ke ce wa Sajan domin tsohon ɗan sanda ne kuma bai yarda a manta da hakan ba. Ya shigo yana baza ƙafa, ya zaunar da tsohon a kan kujerar aikinsa, shi kuma ya tsaya a kansa. Anti tana bakin ƙofa, tana jin komai.

"Tsoho, wa ke riƙe da makullin ɗakin mujallu?"

"Ni da Shugaba."

"Wa ke da wuƙa mai kaifi a ginin nan?"

"Ni ne. Da ita nake cin abinci."

"Me ya kawo wannan kundin teburinka?"

"Hannuna ne ya ɗauko shi. Ranar Juma'a ina wucewa na ga bakinsa ya ɗan shige ciki. Kundin da na ɗinka, ko a duhu na taɓa shi na san in ya rame."

"Ka ga ya rame, ba ka gaya wa kowa ba?"

"Na ce bari Litinin ta yi, in duba sauran tukuna."

"To ga Litinin ta yi," in ji Sajan, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa ya ja masa layi biyu.

Shugaban laburare mutum ne mai kirki, amma kirkinsa ba ya jure hayaniya. Da yamma ta yi, ciyaman ɗin kwamitin laburare, wani Dakta daga sashen noma mai son a ji muryarsa, ya zo ya cika ofishin da faɗa. Ya ce abin kunya ne, ya ce ƙananan ma'aikata sun saba sayar wa masu ƙulla kaya takardu a kasuwa, ya ce in ba a yi maganin ɗaya ba gobe sai a wayi gari babu ko bango. Shugaba ya karɓe makullin Baba, ya ce ya zauna a gida sai ranar Alhamis da kwamiti zai zauna. Kowa ya san me zaman Alhamis yake nufi. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana ɗinke littattafan ginin nan, saura wata huɗu ya ajiye aiki, kuma za a sallame shi da sunan ɓarawo.

Anti ta iske shi yana naɗe alluransa a cikin wani tsumma.

"Baba, kada ka kwashe komai. Za ka dawo."

"'Yata, bar shi. Ba korar ce ke damuna ba. Jikokina ne a makarantar 'ya'yan ma'aikata. Da wace fuska za su shiga aji?"

Ta riƙe masa jakarsa har bakin titi. Shekara goma sha tara da suka wuce ta zo ginin nan da takardar ɗaukar aiki a hannu ɗaya da jaririya a baya, mijinta bai cika wata shida a ƙasa ba. Ba ta da mai raino. Baba ne ya shimfiɗa wa yarinyar kwalaye masu laushi a ƙarƙashin teburinsa, ya riƙa jijjiga ta da ƙafa yana ɗinki da hannu, har ta yi wayo. Yarinyar nan yanzu tana aji biyu a jami'ar. Anti ba ta taɓa samun hanyar rama wannan alheri ba, kuma abin ya daɗe yana cin ta a rai.

Washegari da sassafe ta roƙi Shugaba ya ba ta kundayen biyar, ta jera su a teburinta. Maganar sayar da takarda ba ta ko tsaya a kanta ba. Mai neman takardar ƙulla kaya ba zai bi kundi biyar yana tsintar falle huɗu nan, biyar can ba, alhali ga tsofaffin jaridu jibge a bayan gini babu mai tambayarsu. Wanda ya yi yankan nan ya san abin da yake nema.

Ta buɗe jerin abubuwan da ke cikin kowane kundi ta duba me aka cire. Na farko maƙala ce a kan ƙwarin da ke cin hatsi a ma'ajiya. Na biyu ma haka, na uku da na huɗu duk haka, ƙwarin hatsi da garin ganyen da ke korarsu. Kowace an ɗauke ta cif, daga shafinta na farko zuwa na ƙarshe. Koren kundin ne ya fita daban. An yanke daga shafi na 213 zuwa na 220, kuma abin da ke wurin tsakiyar wata doguwar maƙala ce a kan ciwon kofaton awaki. An bar kanta, an bar jelarta, an ɗauke cikinta.

"Ikon Allah," ta ce ita kaɗai. "Me ya haɗa ƙwaron hatsi da kofaton akuya?"

Ta juya ga 'yar kwamfutar da ta jawo mata laƙabinta. Ƙarama ce, fara da ta fara komawa ruwan toka, shekararta bakwai a kusurwar ɗakin nan. Ta layin waya take gaisawa da wata babbar taskar bayanai a ƙasar waje, inda aka tara sunayen maƙaloli dubu bisa dubu, da marubutansu, da mujallar da suka fito, da shekara, da shafin da kowace ta fara, da yawan shafukanta. Malami ko ɗalibi ya cika fom ya faɗi abin da yake nema, Anti ta tsara kalmomin nema da fensir, ta buga waya, na'ura ta amsa, firinta ta fitar da jerin a kan takarda mai falle biyu. Fallen sama na mai nema ne. Na ƙasa kuwa Anti take maƙala wa fom ɗin ta jefa a fayil, ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba, abokan aiki suna ta yi mata dariya wai wata rana takardu za su kore ta daga ɗakin. Baba kuwa bai taɓa shiri da na'urar ba. 'Yar gulma yake ce mata, wai ta san abin da kowa ya rubuta alhali ko littafi ɗaya ba ta taɓa ɗagawa ba.

Anti ta rubuta kalmominta uku a takarda: ƙwari, hatsi a ajiye, garin ganye. Ta buga lambar. Layin ya yi ƙugi, ya yi tsuwa, ya katse. Ta sake. A karo na uku ya kama. Ta shigar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya ta haɗe su, na'ura ta ce maƙala ashirin da uku. Firinta ta hau kuka.

Ta bi jerin da bakin fensir. Ga huɗun da aka yanke, dukansu. Ta kofaton akuya babu ita, dama ba ta sa rai ba. Amma a lamba ta goma sha bakwai ta ga sunan mujallar nan mai koren bango, shekarar ɗaya, kundin ɗaya, maƙala a kan ƙwarin hatsi mai shafi takwas, ta fara daga shafi na 231.

Ta jawo koren kundin ta buɗe 231. Maƙalar tana nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ta koma wurin yankan ta ƙirga gindin takardun: falle huɗu, shafi takwas, daga 213. Ta dubi lambobin biyu, 213 da 231, ta daɗe tana dubansu. Ɓarawon ya zo kundin da ya dace, ya yanki yawan shafukan da suka dace, a wurin da bai dace ba. Ba karanta abin da ke gabansa ya yi ba, lamba ya bi. Tambayar ita ce wa ya ba shi lambar da ba daidai ba, tunda na'urar ga shi 231 ta faɗa.

Ta sauko da fayil-fayil ɗinta. Awa biyu ta yi tana lasar yatsa tana juya takardu. Cikin shekara bakwai mutum uku ne kawai suka nemi bincike a kan ƙwarin hatsi. Na baya-bayan nan ita ce ɗalibar da ta kawo ƙara. Kafin ita wani baƙon mai bincike ne da ya yi wata uku a jami'ar ya koma ƙasarsu tun bara. Na farkonsu kuwa, shekara uku da suka wuce, Dakta ne, ciyaman ɗin kwamiti. Ta zare fallayen ƙasa guda uku ta jera, ta nemo layin koren kundi a kowane. Da ta zo kan na uku sai ta cire tabarau ta goge idonta da gefen mayafi.

Duk da haka ba ta yi gaggawa ba. Ta aika aka kira mata ɗalibar.

"Zauna, ƙanwata. Kundayen nan, yaushe rabonki da su?"

"Mako uku ke nan. Na karanta biyu a ciki, lafiyarsu ƙalau a lokacin."

"Ku nawa ne kuke aiki a kan ƙwarin hatsi a ajinku?"

"Ni kaɗai ce." Ta ɗago kai da sauri. "Anti, ba dai zargina kike ba?"

"Kowa nake zargi, har kaina. Ina takardar da na fitar miki?"

Ta zaro ta daga jaka, duk ta sha ja da jan biro. A layin koren kundi an rubuta 231, kuma ɗalibar ta yi masa alamar ta karanta.

"Kin karanta wannan?"

"Na karanta. Har ma ta ba ni mamaki. Ina karantawa ina jin kamar na taɓa ganinta, sai daga baya na tuna ashe da maƙalar Dakta take kama, wadda ya raba mana a aji. Har na gaya masa."

"Kin gaya masa? Yaushe?"

"Mako biyu da suka wuce, bayan lacca. Na ce, Dakta, Turawan nan kamar sun kwaikwayi aikinka. Ya yi dariya ya tambaye ni a ina na gani, na ce a ɗakin mujallu."

Baiwar Allah, har yanzu ba ta gane abin da ta faɗa ba. Anti ta yi mata godiya ta sallame ta. Baƙon mai bincike ya fita daga zargi, domin ya bar ƙasar tun kafin a yi yankan. Ɗalibar ma ta fita, domin lambar da ke hannunta daidai ce, kuma ta san inda maƙalar take da idonta.

Dokar jami'a ce duk malamin da ya nemi ƙarin girma ya ajiye kwafin rubuce-rubucensa a laburare, masu tantancewa su zo su duba. Na Dakta sun iso wata guda da ya wuce. Anti ta ɗauko babbar maƙalarsa ta shimfiɗa kusa da shafi na 231, yatsa ɗaya a nan, ɗaya a can. Ba ta kai ƙarshen shafi na biyu ba ta rufe. Abin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan, don ta san matarsa, kuma tare suke sayen kayan miya.

Ranar Laraba ta nemi Sajan. Ta same shi a rumfar masu gadi, ya ce ai bincike ya ƙare, shi da ya yi shekara ashirin yana kama ɓarayi ba mace mai buga tafireta ce za ta koya masa aiki ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce alfarma ɗaya take nema: ya tambayi matar da ke tsaron ƙofar ɗakin mujallu ko cikin mako biyun nan wani babban malami ya shiga, tunda manya ba sa sa hannu a rajista. Sajan yana da baki, amma ba shi da mugunta. Ya tafi yana gunaguni. Bayan rabin awa ya dawo ba ya gunaguni, ya cire hularsa ya zauna a kujerar baƙi, ya ce ta sake yi masa bayanin lambobin nan a hankali.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna a ɗakin taro na sama. Dakta a kan kujerar ciyaman, Shugaba a damansa, malamai uku, sai Baba a can ƙarshen tebur cikin wankakkun kayansa, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Sajan ya karanta rahotonsa na ranar Litinin, sannan ya ce akwai ƙari, amma Anti ce za ta yi shi.

"Wannan ba hurumin ɗakin bincike ba ne," in ji Dakta.

"Minti goma kawai, ranka ya daɗe," in ji ta, ta riga ta fara jera kundayen.

Ta nuna musu huɗun da aka yanke cif-cif, ta nuna na biyar da aka yanke a tsakiyar kofaton akuya. Wani daga cikin malaman ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Ta buɗe 231 ta nuna musu maƙalar da aka zo ɗauka aka bari. Sannan ta shimfiɗa fallayen ƙasa guda uku.

"Mutum uku na taɓa yi wa wannan bincike. A takardun biyu na'ura ta ce 231. A ɗaya kawai ta ce 213, domin a lokacin akwai kuskure a taskar bayanan, wani mai shigar da lambobi a can ya juya su. Ni na rubuta musu wasiƙa suka gyara, ga amsarsu. Tun daga ranar duk wanda aka yi wa bincike 231 yake samu. Takarda ɗaya ce a duniya ta fita daga ɗakina da 213 a jikinta. Dakta, fallenta na sama yana wurinka."

Dakta ya gyara zama. "Shekara uku! Wa ya san inda takardar take? Kuma ai ba ni na shiga na nemo maƙalolin ba. Wannan tsohon aka ba jerin, shi ya ɗauko su ya yi mini hotonsu a inji. Shi ma ya ga lambar."

"Gaskiyarka, ya gani. Da fallen ƙasa ya yi aiki, don kai ka tafi da na sama tun ranar. Shugaba, don Allah karanta mana abin da ke gefen layin nan."

Shugaba ya kusanto da takardar fuskarsa. Rubutun fensir ne, manyan haruffa masu kwanciya gefe, irin na wanda ya koyi boko da girma. Ya karanta a fili: "Ba 213 ba ne, 231 ne. A gaya wa 'yar gulma ta gyara."

Baba ya ɗago kai a karo na farko, yana duban takardar kamar bai san ta ba.

"Shi ya gano kuskuren," in ji Anti. "Ya je 213 ya tarar da awaki, bai dawo ya ce babu ba, ya bi kundin shafi-shafi har ya samo ta. Mutumin da ya yi wannan, shi zai koma bayan shekara uku ya yanki kofaton akuya? Ko ido a rufe ya san inda maƙalar take. Wanda bai sani ba shi ne wanda aka kai wa hoto har ofis, hoton da injinmu ke cinye lambar shafi a ƙasansa, bai taɓa riƙe kundin da hannunsa ba. Da ya zo yanka, takardar na'ura kawai gare shi. Ga tsoro, ga lungun ƙarshe babu fitila mai kyau. Ya ɗaga kusurwar shafi ya ga 213, ya ƙirga takwas, ya ja reza."

Sajan ya miƙe ya ƙara nasa. Mai tsaron ƙofa ta ce ranar Laraba ta makon jiya, lokacin da ma'aikata suka fita cin abinci, Dakta ya shiga ɗakin mujallu. Ta riƙe ranar ne domin shekararta tara a ƙofar nan ba ta taɓa ganinsa ba, kuma ya sa kwat a ranar da kowa ke fifita.

"To a kan me zan yi haka?" in ji Dakta. Muryar ta ragu sosai.

Anti ba ta so ta kai nan ba, amma ta tuna jikokin Baba. Ta tura maƙalarsa da koren kundin gaban malamin da ya yi dariya ɗazu, ta ce ya karanta sakin layi na farko a nan, ya karanta a can. Ya karanta. Kalma ɗaya ba ta bambanta ba, sai sunan hatsin da aka canja.

"Masu tantancewa za su zo wata mai zuwa," in ji ta. "Ɗaliba ta riga ta lura. Ya ga in ya cire maƙalolin biyar daga ginin nan, ba mai abin gwadawa. Sai ga shi ya bar ta biyar ɗin a wurinta. Kuma ko da ya dace da ita, Dakta, wahalar banza ce. Jiya na tambayi na'ura, ta lissafo mini laburare sama da arba'in da ke da mujallun nan. Na riga na nemi kwafi."

Daga ƙarshe Dakta ya ce takardun suna cikin durowar ofishinsa, ya yi niyyar ƙona su hannunsa ya kasa. Sajan ya raka shi ya ɗauko. Abin da jami'a ta yi da shi daga baya nata ne, Anti ba ta bi ba, ba ta kuma yi murna ba. Shugaba dai ya zagayo teburin da ƙafarsa ya miƙa wa Baba makullinsa da hannu biyu, ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Sajan ma ya ce, "Tsoho, ka yafe ni," da ƙarfi kamar mai ba da umarni, amma idonsa ya yi ja.

Mako guda Baba ya yi yana mayar da shafukan, falle-falle, da siririyar takarda da gam, har na awakin. Sai ka kai kundin wurin taga kafin ka ga tabon.

Ranar da ya gama ya shigo ɗakin bincike, abin da ba ya yi sai dole, da wani abu naɗe a hammata. Ya warware. Riga ce ya ɗinka wa kwamfutar da koren yadin bangon littafi, daidai jikinta, har da 'yar ƙofar da waya za ta fita. Ya lulluɓa mata da kansa, ya ja gefe-gefen ya daidaita.

"Ƙura na damunta, na lura," in ji shi. "Ki gaya mata na gode. Na janye rabin abin da na faɗa a kanta."

"Baba, ai kuskure ta yi. Kai ka gyara mata."

"Ke kuma kika ajiye takardar. Da kin yar, da yanzu ina gida ina ɓuya wa jikokina." Ya murza bakin yadin. "'Yata, ban san da wane baki zan gode miki ba."

"Ni ce da godiya. Shekara goma sha tara nake neman ranar nan, tun kana jijjiga mini yarinya da ƙafa."

"Wannan har wani abu ne?"

"A wurina shi ne komai."

Ta buɗe durowa ta ɗauko fallen ƙasan nan, ta riga ta yi wa fayil hotonsa, ta miƙa masa na ainihin. Ya riƙe shi nesa da ido ya karanta rubutun kansa, leɓensa na motsi.

"Wallahi na manta na rubuta wannan," ya ce a hankali. "Shekara talatin ina gyara abin da na ɗauka ba mai gani."

Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun gaba, ya danna da tafin hannu. Sannan ya ce bari ya koma, ya bar gam a buɗe zai bushe. Anti ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Ta share fuskarta, ta ɗage wa 'yar gulma sabuwar rigarta, ta jawo fom na gaba.